Ranar da Tsinke Ya Buɗe Ƙofar Mota

Duk baƙon da ya sauka a filin jirgi aka nuna masa Tsinke aka ce ga mai tsaron lafiyarka, sai ya ɗan leƙa bayansa tukuna, ko akwai wani. Mutum ne siriri, ba tsawo ba kauri, wuyan rigarsa kullum ya fi ƙarfin wuyansa. Shekararsa arba'in da bakwai, furfura ta fara leƙowa ta gefen kunnuwansa. Ga shi ba ya ɗaukar wa kowa jaka. Idan baƙo ya miƙo masa, sai ya rusuna ya ce, "Hannuna biyu naka ne, ranka ya daɗe, amma ba na jaka ba ne." Direba ne ke ɗauka. Wasu su ji haushi, wasu su gane.

Garin da yake aiki gari ne na kaya. Ba mai zuwa don ya huta ko ya buɗe ido. Jiragen ƙasa su shigo da kwantena, tireloli su kwashe, manyan sito-sito jere da juna kamar haƙora, hanya kuwa a cunkushe tun daga fitowar rana. 'Yan kasuwa na zuwa ne kwana biyu ko uku, su ga kayansu da ido, su sa hannu a takarda, su koma inda suka fito. A tsakanin otal da sito kuwa akwai masu fasa gilashin mota a cikin cunkoso, akwai masu shigar jami'ai su tare hanya, akwai masu bin mutum tun daga filin jirgi. Wannan 'yar tazarar ita ce gonar Tsinke.

Ba da wannan aikin ya fara ba. Yana ɗan shekara goma sha tara ya shigo garin bayan rasuwar mahaifinsa, da riga biyu a leda. Wanda ya karɓe shi wani ƙaƙƙarfan ɗan dako ne da daga baya ya zama shugaban 'yan dakon layin sito, har sunan Shugaba ya bi shi. Shi ya koya masa yadda ake karɓar buhu da gwiwa ba da baya ba, shi ya laƙaba masa Tsinke, kuma ƙanwarsa tela ita ce ta zama matar Tsinke. Ita ta fara cewa tana so, har yau in sun yi faɗa takan tuna masa.

Shekara goma sha ɗaya yana dako. Wata rana da hantsi ya lura da wasu mutum biyu suna bin wani dattijon ɗan kasuwa daga sito zuwa sito. Bai yi ihu ba. Ya ajiye buhunsa, ya matsa kusa da dattijon kamar mai neman aiki, ya ce a hankali, "Baba, biyo ni, kada ka waiwaya." Ya ratsa da shi ta wani lungu da kare ma sai ya karkace, suka ɓullo gaban ofishin masu gadi. Dattijon ya ba wa wani mai kamfanin tsaro labari, aka aiko neman Tsinke. Wata shida aka yi ana horar da shi. Bindiga dai babu, kamfanin ba shi da izinin riƙe ta. Abin da yake da shi waya ce, da ƙafa, da sanin gari: wace gada ce ke toshewa ƙarfe nawa, wane mai shayi ne idonsa ke kan titi, wace ƙofa ce ake cewa a kulle take alhali turawa kawai take so.

Shugaba bai ji daɗin tafiyarsa ba. A gaban mutane ya ce masa, "Ka bar gumin halal ka koma buɗe wa masu kuɗi ƙofa." Maganar ta zauna wa Tsinke a rai. Tun daga nan sai gaisuwar haihuwa da ta rasuwa. Matar ce ke kai da kawowa tsakaninsu, tana cewa ita dai Allah Ya haɗa ta da maza biyu masu kan dutse.

A bangon ofishin kamfanin akwai dokoki rubuce, amma ɗaya ce Manaja ke maimaitawa har an gaji da ji: idan taro ya kewaye mota, ba a buɗe ƙofa. Ko wa ke kira, ko me ake cewa. Tsinke ya san dalili. Wani abokin aikinsu ya taɓa buɗewa don ya ba da haƙuri, aka fizge baƙon ta ƙarƙashin hammatarsa, sai da mutumin ya yi wata biyu a asibiti. Shekara goma sha bakwai Tsinke yana rakiya, bai taɓa karya wannan dokar ba.

Baƙuwar da aka ba shi a wancan makon wata Hajiya ce mai sayar da kekunan ɗinki da kayan gyaransu. Ta haura hamsin, tana ɗan jan ƙafar dama saboda ciwon gwiwa, bakinta kuwa ba ya ciwo. Tana ganin sa ta tsaya ta ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

"Kai ne? Ni fa ƙato na ce a ba ni."

"Ƙaton yana hutu, Hajiya. Ni ne saura."

"To Allah Ya sa iska kada ta taso."

Direban ya ƙunshe dariya. Ba-Birki ake ce masa, don tsokana, domin kaf kamfanin ba wanda ya kai shi taka birki. Ko kaza ya hango daga nesa sai ya rage gudu.

Ranar farko ta wuce lafiya. Rana ta biyu, Talata, za su sito na tara, inda kwantenoninta biyu suke. Motar da ofis ya ba su farar jif ce mai baƙin gilashi. Sun bar otal ƙarfe goma da rabi, Hajiya a baya tana ta waya da ɗanta a kan wani ciniki, Tsinke a gaba kusa da direba.

Tun daga gada jikinsa ya fara ba shi. A ƙa'ida a wannan lokacin bakin titin cike yake da 'yan dako masu jiran kira, amma ga benci-benci babu kowa, har wani ya bar kofin shayinsa rabi. Ya kira mai shayin da ke bakin layin sito. Wayar ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ya sake kira. Shiru. Ya sauke gilashi kaɗan ya kasa kunne. Injinan ɗaga kaya da ke ruri dare da rana sun yi tsit.

"Ba-Birki, juya."

"A nan? Ina zan juya?"

Gaskiyarsa. Sun riga sun shiga layin, hanya ce guda tsakanin katanga biyu, ga wata tirela ta shigo bayansu ta cike ta dam, bayanta wata, bayanta wata. Direban tirelar ma har ya fara danna musu oda.

"Lafiya?" in ji Hajiya, ta rufe bakin wayar da tafin hannu.

"Ban sani ba tukuna. Ki ajiye wayar, ki ɗaura bel, ki matso tsakiyar kujera."

Ta dubi fuskarsa a madubi, ta ajiye wayar, ta matso.

Suna shan kwana suka gan su. Mutane sun fi ɗari biyu a ƙofar sito na tara, wasu ba riga, wasu da ƙarafa, wasu suna jifan tagogin ofis. Kafin Ba-Birki ya gama tsayawa wani ya nuna motar ya ƙwala ihu: "Ga shi nan! Mai sito ya zo!"

Nan take Tsinke ya gane. Mai sito na tara shi ma farar jif gare shi mai baƙin gilashi.

Kamar an fasa madatsar ruwa, haka suka taho. Hasken cikin motar ya ragu saboda jikin mutane. Tafukan hannu suna dukan gilashi ta ko'ina, ana jan marfin ƙofa, ana cewa fito, fito ka ga aikinka. Wani dutse ya sauka a gilashin gaba, ya tsage kamar saƙar gizo amma bai zube ba. Ba-Birki ya saki sitiyari ya ɗora hannu biyu a ka yana salati.

"Riƙe sitiyarinka," in ji Tsinke. "Kada ka kashe mota. Kada kuma ka taka kowa, in ka taka mutum ɗaya mun mutu."

Ya kira Manaja, ya faɗa masa a taƙaice.

"Kada ka buɗe," in ji Manaja. "Ka ji ni? Kada ka buɗe. Yanzu zan kira 'yan sanda."

"Gada a toshe take. Sai sun yi minti arba'in."

"To ka yi minti arba'in a ciki."

Motar ta fara lilo. Sun kama ta ta gefe ɗaya suna ɗagawa suna saki. Jakar Hajiya ta kife, kwalbar maganinta ta gangara ƙarƙashin kujera. Ba ta yi kuka ba, amma numfashinta ya koma gajere-gajere, hannunta ya damƙi kafaɗar kujerarsa.

"Me na yi musu?"

"Ba ke suke nema ba. Motar suka gani."

"To ka faɗa musu mana!"

Da wa zai faɗa? Ya bi fuskokin da ke manne da gilashi ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu sababbi ne, bai san su ba, su ma ba su san shi ba. Shekara goma sha bakwai ba kwana goma sha bakwai ba ce. Shugaba kaɗai ne zai iya sa su saurara, shi kuwa ko lambarsa babu a wayar Tsinke.

Ya kira matarsa. Yana jin ƙarar kekenta kafin ta yi magana.

"Baban yara, ina cikin aiki fa."

"Kira Yaya yanzu. Ki ce farar motar da ke ƙofar sito na tara, ni ne a ciki."

Keken ya tsaya. Ta ji hayaniyar ta cikin waya. Nan take ta kashe.

Daga nan sai jira. Bai san ko minti uku ba ne ko goma. Ana cikin haka wari ya shigo ta ramin iska, warin da duk wanda ya yi aiki a layin nan ya sani. Ba-Birki ya juyo, idonsa ya firfito.

"Fetur ne."

"Na ji."

Ta madubin gefe ya hango wani dogo da jarka, ana ƙoƙarin buɗa masa hanya. Bai iso ba tukuna, abin da ya zuba a ƙasa ne ke tashi. A ransa Tsinke ya shiga lissafin taku: daga ƙofar baya zuwa katanga taku takwas, da mace mai ciwon gwiwa, cikin mutum ɗari biyu. Lissafin bai fita ba.

Sai ga wata faffaɗar fuska ta tokare gilashin gefensa. Shugaba ne, ya tsufa fiye da yadda yake a ido, gaban rigarsa jina-jina. Tsinke ya sauke gilashi faɗin yatsa biyu.

"Yaya."

"Wa ke ciki?"

"Mace ce, baƙuwa. Kekunan ɗinki take sayarwa. Jiya ta sauka."

Shugaba ya leƙa, ya ga Hajiya, ya runtse ido. "Ba za su ji ni ba. Sun ga jini. Sati uku muna cewa igiyar injin nan ta ci, a canza, ana ce mana gobe. Yau ta tsinke. Su kuma na ofis sun kulle sun gudu ta baya."

"Wa ta samu?"

"Mai-Fito."

Shekara huɗu Tsinke suka yi ɗaki ɗaya da Mai-Fito kafin kowannensu ya yi aure, mutumin da ko buhu biyu ne a kansa sai ya yi fito. 'Ya'yansa huɗu yanzu.

"Yana da rai?"

"Yanzu dai. Akwatin ƙarfe ne ya sauka a ƙafarsa. Mun ɗaga, mun ɗaure, jinin ya ƙi tsayawa. Motar asibiti tana bayan gada."

"Tsohuwar ƙofar jirgin ƙasa, ta bayan sito, tana nan?"

"Da sarƙa."

"Sarƙa ai ba ta gagari 'yan dako ba."

Suka dubi juna ta wannan 'yar kafar. Tsinke ya ɗaga gilashin, ya kwance bel, ya juya gaba ɗaya ya fuskanci Hajiya.

"Hajiya, saurare ni da kyau, lokaci babu. Akwai mutum a ciki yana zubar da jini, ba motar da za ta kai shi asibiti. Idan muka ɗauke shi, su da kansu za su buɗe mana hanya. Amma sai an buɗe ƙofa. Dokar aikinmu ta hana, Manaja ma yanzu ya hana. Ranki ne, ba nawa kaɗai ba. Sai kin ce."

"Idan ka buɗe suka ja ni fa?"

"Sai sun bi ta kaina. Ban ce ba za su iya ba."

"In mun zauna kuma?"

"Wataƙila 'yan sanda su riga mai jarka. Wataƙila ya riga su."

Ta dube shi. Motar ta sake yin sama ta dawo.

"Mutumin zai mutu in an bar shi?"

"Zai mutu."

"Buɗe."

Ya ce da Ba-Birki, "Ina fita ka kulle. Kada ka sake buɗewa sai ka ga na buga rufin mota sau biyu." Ya ajiye wayarsa a kan kujera tana ta ruri da kiran Manaja, ya yi bisimilla, ya tura ƙofar da kafaɗa.

Zafi da ihu da warin fetur suka dake shi lokaci guda. Ya ji ƙarar makulli a bayansa. Shugaba ya baza hannuwa yana kare shi ta gefe ɗaya, amma gefe ɗaya ne kawai. Tsinke ya taka tayar gaba zai hau kan bonet, sai wani ƙarfe ya sauko masa tsakanin wuya da kafaɗar hagu. Ya ji ƙas a cikin jikinsa kafin ya ji zafin. Duniya ta yi fari. Ya san in ya faɗi shi ke nan, ƙafafu za su gama da shi, don haka ya kama ƙarfen share gilashi da hannun dama ya ja jikinsa sama, ya durƙusa, ya miƙe.

Bai ba da haƙuri ba, bai ce ku tsaya ku ji ba. Ya cika ƙirjinsa ya saki kiran da 'yan dako ke yi idan kaya mai nauyi zai tashi, kiran da ke sa hannu ashirin su zama ɗaya. Shekara goma sha bakwai rabon da ya fito daga bakinsa. Tsofaffin cikinsu suka ɗago kai ba su shirya ba. Wani daga baya ya ce, "Kai, Tsinke ne!"

"Asibiti!" ya faɗa da iyakar muryarsa. "Motar nan asibiti za ta! Ku kawo Mai-Fito! Ku kawo shi!"

Shugaba ya karɓa, muryarsa kamar ganga: "Ku kawo shi! Ku buɗa!" Na kusa suka karɓa, na bayansu suka karɓa. Ba duka ba. Akwai masu cewa ƙarya ce, dabara ce, mai sito na ciki. Mai jarka yana nan tsaye, taku biyar daga motar, yana raba ido. Wani dattijon ɗan dako ya je ya dafa hannunsa, bai ƙwace ba, ya dai dafa ya bar hannunsa a wurin.

Aka fito da Mai-Fito a kan wani katako, mutum shida na ɗauke da shi. Tsinke ya kalli ƙafar sau ɗaya bai sake ba. Ya sauko da ƙyar, ya zagaya baya, ya tsaya da jikinsa a bakin ƙofar but, sannan ya buga rufin sau biyu. Ƙofar ta ɗaga. Kawuna suka yi caa suna leƙe, masu neman mai sito. Abin da suka gani mace ce mai furfura a goshi, ta durƙusa a kan gwiwarta mai ciwo tana kiciniyar kwantar da kujera. Ta ɗago ta dube su.

"Kallo kuka zo yi? Ku shigo da kansa ta nan!"

Aka shigar da shi. Shugaba ya shiga ya riƙe ƙafar, Hajiya ta ɗora kan mutumin a cinyarta, ta warware mayafinta ta miƙa a ƙara ɗauri. Tsinke ya koma gaba, hannun hagu na reto kamar ba nasa ba.

Taron da ya hana su motsi shi ya koma yana gudu a gabansu. Aka wangale ƙofar sito, aka ture amalanke, aka mirgine ganguna. A can baya, wajen tsohuwar ƙofar da ciyawa ta cinye, mutum huɗu suka zura ƙarafa cikin sarƙar suka yi kira ɗaya, ta ɓalle. Bayanta wata hanyar tsakuwa ce da ke bin gefen layin dogo, rabon da mota ta bi ta har an manta.

"Bi nan har ka ga tankin ruwa, sai ka yi dama," in ji Tsinke. "Yau kam ka ci sunanka."

Ba-Birki ya taka totur. Tsakuwa na dukan cikin motar kamar ruwan ƙanƙara, kowane rami sai Mai-Fito ya yi nishi, kowane rami sai Tsinke ya ciji leɓe. Hajiya na shafa goshin mutumin tana cewa, "Buɗe idonka, bawan Allah. 'Ya'yanka nawa? Faɗa mini sunayensu." Yana faɗa, yana mantawa, tana sa shi ya sake. Can ya juyo da ido ya hango ƙeyar da ke kujerar gaba.

"Tsinke... kai ne ka yi ƙiba haka?"

"Ni ne. Yi shiru ka adana ƙarfinka."

"Ta ce kada in yi shiru."

"To bi nata."

Minti goma sha shida suka yi zuwa asibiti. Ma'aikata suka karɓe shi a guje. Sai da aka rufe ƙofa a bayansa sannan Tsinke ya zame a jikin bango ya zauna a ƙasa. Duk da haka sai da ya ce wa Ba-Birki ya kira ofis a turo wani ya karɓi Hajiya, domin shi yanzu ba ya iya kare ko kansa. Hajiya na zaune a benci, zaninta ya rine da jini.

"Da ka san za su ji kiran nan naka?" ta tambaye shi.

"Ban sani ba, Hajiya."

Ta dube shi. "Gara da ba ka faɗa mini haka a mota ba."

An yanke ƙafar Mai-Fito daga ƙasan gwiwa, amma ya rayu. Shi kuwa Tsinke ƙashin da ke tsakanin wuyansa da kafaɗa ne ya karye gida biyu, sai da aka sa ƙarfe. Matarsa ta iso da zare maƙale a gefen zaninta, ta tsaya a kansa, ta rasa ta inda za ta fara, sai ta hau shi da faɗa a kan ya fita bai karya ba. Tana faɗan hawaye na zuba.

Manaja ya zo washegari, ya ja kujera, bai yi murmushi ba.

"Ka yi caca da ran baƙuwa."

"Gaskiya ne."

"Da sun ja ta fa? Me zan ce wa 'ya'yanta? In ce mai tsaronta ne ya buɗe da hannunsa?"

"Ba ni da amsa, ranka ya daɗe."

Kuma da gaske ba shi da ita. Har yau in an yabe shi a kan ranar nan yakan kawar da zancen. Yakan ce 'yan sanda sun iso bayan tafiyarsu da minti ashirin, kuma ba wanda ya san abin da mai jarka zai yi a cikin minti ashirin ɗin, har shi mai jarkar. Dokar tana nan a bango ba a goge ba, shi ma bai ce a goge ba.

Rana ta huɗu Shugaba ya shigo ɗakin da wani mutum a bayansa, ƙaƙƙarfa, kansa a sunkuye. Ya zauna a bakin gado, gadon ya yi ƙara.

"Wannan ne ya buge ka. Bara ya fara aiki, bai san ka ba. Kwana uku bai ci abinci ba."

Mutumin ya durƙusa. Tsinke ya dube shi.

"Hannunka da nauyi. Buhu nawa kake ɗauka?"

"Biyu... wani lokaci uku."

"Rage zuwa biyu, bayanka zai gode maka. Tashi, ya wuce."

Da mutumin ya fita, Shugaba ya ɗauki wayar Tsinke daga kan tebur, ya danna masa lambarsa da babban yatsansa a hankali, ya ajiye. Ya ce an rufe sito na tara ana bincike, an kuma canza igiyoyin injina uku a layin. Ya ce ƙanwarsa ta rame. Daga nan ya tashi ya tafi.

Ƙashin ya haɗe bayan wata uku, amma hannun bai ƙara wuce kafaɗa ba. Mai rakiya da hannu ɗaya da rabi ba mai rakiya ba ne, shi ya fara faɗa kafin a faɗa masa. Kamfanin bai kore shi ba, bai kuma ƙara masa girma ba. Aka ba shi tebur a ƙuryar ofis, da taswirar gari, da wayoyi biyu. Shi ke tsara wa masu rakiya hanya kowace safiya, shi suke kira in sun ga abin da ba su gane ba. Zaman kujera ya dame shi da farko, har matarsa ta ce ya koma kamar zakaran da aka ɗaure. Daga baya ya saba. Farar jif kuwa ya sa an sayar, ya ce kada kamfani ya ƙara ajiye mota irin ta wani babba a garin.

Mai-Fito ya samu ƙafar roba, ƙungiyar 'yan dako ta ba shi aikin rubuta sunayen masu shiga da fita a bakin layi. Hajiya ta aiko wa matarsa keken ɗinki, matar Tsinke ce ta koya mata. Ita Hajiyar ba ta ƙara zuwa garin ba. Ɗanta take turowa, kuma duk zuwansa sai ya leƙo ofis ya ce tana gaisuwa, ya ce har yanzu in taro ya yi yawa a kasuwa takan nemi bango ta jingina sai an watse.